Anar, Kundin Sakkwato, a Gefen Sauran Aikin Mdou Moctar

A 2008 wani saurayi Ba'abzine ɗan jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar ya tsallako iyaka, ya shiga wani situdiyo a Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar. Yau in masu sharhin kiɗan rok na Amurka da Turai suna lissafin makaɗan jitar da ake ji da su, da wuya su tsallake sunansa. Abin da ya fito daga wancan zama na Sakkwato shi ne kundin da ake kira Anar, kuma wanda ya fara sanin Mdou ta aikinsa na baya-bayan nan, ranar da ya ji Anar sai ya rantse wani mawaƙin daban aka tura masa. Babu rugugin jitar lantarki, babu mai ganga da ke neman fasa fata. Murya ce da aka bi ta da Auto-Tune, manhajar gyara murya, har tana karkarwa, da gangar inji, da jita tana bin su a hankali daga ƙasa. Wato dai sautin da duk wanda ya tashi a Kano ya saba ji yana fita daga shagon aski da cikin adaidaita sahu, sai dai a nan da Tamashek, harshen Abzinawa, ake rerawa.

Yawancin masu rubutu a waje sukan ambaci Anar a layi ɗaya su wuce, a matsayin rarrafen yaro kafin ya miƙe. Ni kuwa a wurina, cikin duk abin da mutumin nan ya fitar, babu inda ya yi kasada irin ta Anar. Sauran kundayen sun fi shi ƙarfi, wasu sun fi shi kyau nesa ba kusa ba, amma a can yana ƙara gudu ne a kan hanyar da wasu suka share. A Sakkwato ne ya bi inda babu sawun kowa.

Sai an san gidan da ya fito kafin a gane girman abin da ya yi. Kiɗan jitar Abzinawa, wanda su suke kira assouf, yana da tsari da kowa ya sani. Ƙungiyar Tinariwen, ta 'yan arewacin Mali, ita ta fi kowa kafa shi, tun zamanin da matasan Abzinawa ke gudun hijira da ci-rani a Aljeriya da Libiya, kuma a 2012 ta ci kyautar Grammy. A Nijar akwai Abdallah Oumbadougou, wanda ganin wasansa ne ya sa Mdou ya ƙudurta sai ya iya jita. Gidansu gidan addini ne, ba a maraba da kiɗa, kuma babu kuɗin sayen jita, sai ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Kiɗan da ya koya da wannan jitar kiɗan zama ne a tabarma ko a kan yashi: jita biyu ko uku, tafi, ƙwarya ko ƙaramar ganga, mai bayar da waƙa da 'yan amshi, murya a buɗe yadda Allah ya halicce ta. Waƙoƙin na kewar gida ne da gwagwarmaya da ƙishin hamada. Kiɗa ne mai martaba a idon masu shi, saboda a kaset ɗinsa aka riƙa aika saƙo a shekarun tawaye. Mai wannan gadon ya ɗauki waƙarsa ya miƙa wa mai fiyano ya ɗora mata gangar inji, ba ƙaramin abu ba ne.

Daga Tawa in ka gangaro Birnin Ƙonni ka tsallaka Illela, ka iso Sakkwato. A wancan lokaci kuwa duk wani situdiyo a ƙasar Hausa, daga Sakkwato har Jos, salon Kano yake bi, salon waƙoƙin fim da muke kira nanaye. Wanda ya taɓa leƙa situdiyo a Titin Gidan Zu na Kano ya san yadda ake yi. Ɗaki ne ƙarami an manna masa soso a bango, mutum ɗaya a zaune gaban fiyano Yamaha da kwamfuta. Mawaƙi zai rera masa karin da baki, yana ɗan buga cinya. Makaɗin zai saurara sau ɗaya ko biyu, ya lalubo bugun da ya dace a cikin na'ura, ya ɗora kalangun fiyano, ya ɗora sarewa, ya ɗora bes, duk da yatsunsa goma. Sai a tura mawaƙi cikin ɗan akurkin ɗaukar murya ya sa abin ji a kunne. Kafin la'asar waƙa ta haɗu. Babu ƙungiya, babu gwaji na makonni. Wannan hanyar aiki ce Mdou ya shigar da waƙar assouf cikinta, kuma kunne yana jin haka tun daga daƙiƙar farko ta Anar.

Auto-Tune ɗin ma yana bukatar a tsaya a kansa, domin shi ne abin da aka fi yi wa kundin gori da shi. Kamfanin Antares na Amurka ne ya fito da manhajar a 1997, don gyara wa mawaƙi murya in ta ɗan kauce daga kari. Aikinta shi ne ta saurari sautin da ya fito daga maƙogwaro, ta ja shi zuwa matakin sauti mafi kusa da aka saita mata. In an saita ta a hankali, mai sauraro ba zai san an taɓa komai ba. In aka ƙure saurinta, murya ba ta ƙara zamewa daga mataki zuwa mataki, sai dai ta yi tsalle, kuma wannan tsallen ne ke ba da karkarwar nan mai kama da ta ƙarfe. To mawaƙin da ke rera sauti a miƙe, manhajar ba ta da abin yi da shi sosai. Amma mawaƙan Sahel, Hausawa da Abzinawa duka, lanƙwasa murya suke yi, su ja gaɓa ɗaya ta hau ta sauka sau uku kafin su sake ta. Kowace lanƙwasa sai manhajar ta sassare ta zuwa ƙananan matakai. Shi ya sa abin ya zauna daram a waƙoƙin fim ɗinmu, ya zama ado maimakon gyara, kuma shi ya sa ya zauna a bakin Mdou. A waƙar Tahoultine za ka ji muryar tana yin abin da daga baya yatsunsa za su riƙa yi a kan jita: saurin hawa da sauka a tsakanin 'yan matakai kaɗan, ana komawa gida ana sake fita. Ina ganin duk wanda ya saurari wannan waƙar da kyau ya riga ya ji salon jitar Mdou tun kafin ya mallaki jitar kirki.

Anar bai fita kasuwa ba a lokacin. Babu kamfani, babu faifai a kanti. Ta waya ya yaɗu, daga memori zuwa memori, ta Bluetooth, a tasha da wurin mai shayi da cikin motocin da ke ratsa hamada. Mu nan ba sai an yi mana bayani ba. Har gobe a kasuwar waya ta Farm Centre akwai samari da kwamfuta a kan ɗan teburi, ka miƙa memori ka ce a zuba maka na soyayya ko na biki, a cika maka shi da ɗaruruwan waƙoƙi, rabinsu babu sunan mawaƙi sai lamba. Haka waƙoƙin Anar suka yi ta yawo har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane a yankin Kidal, ya ci karo da Tahoultine. Ya saka ta a faifan Music from Saharan Cellphones da ya fitar a 2011, ya bi sawu har ya gano mai waƙar, ya kuma kawo masa jitar bahago, da yake Mdou da hagu yake kaɗawa. Sai a 2014 Sahel Sounds ya buga Anar a faifai. Shi dai wannan kamfani a 2013 ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Ke nan ƙofar da Mdou ya bi ya fita duniya, sautin nanaye ne ya buɗe masa ita. Wannan magana ba a cika faɗinta ba, kuma ya kamata a Kano a san ta.

Abin da ya biyo baya na 'yan shekaru ba sai an daɗe a kansa ba. Afelan na 2013 an ɗauke shi a gida Nijar, jita da tafi da hayaniyar taro, kamar ana nuna wa baƙi ga ainihin yadda ake kiɗan a ƙauye. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Kirkley ya shirya a Agadas bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. Sousoume Tamachek na 2017 kuwa shi kaɗai ya kaɗa komai a cikinsa, kundi mai sanyi.

Da Ilana: The Creator na 2019, wanda aka naɗa a Detroit, sunan Mdou Moctar ya tashi daga na mutum ɗaya ya zama na ƙungiya. Ahmoudou Madassane yana riƙe da jita ta biyu, Mikey Coltun Ba'amurke yana kan bes kuma shi ya zama mai haɗa musu sauti, daga baya Souleymane Ibrahim ya zauna a kan ganguna. Afrique Victime ya fito a 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador na New York, kuma shi ne ya kai su manyan dandamali. A nan ne bambanci da Anar ya fito fili, kuma ba a ƙarar sauti kaɗai yake ba. Bambancin na lokaci ne.

Gangar inji, yadda aka saita ta haka za ta tafi har waƙa ta ƙare. Ba ta san an yi zafi ba, ba ta san amarya ta shigo fili ba. Ƙungiyar Mdou kuwa a bikin aure ta koyi aiki, a filayen Agadas, inda ake jona amfilifaya da janareto a kaɗa har dare ya raba. Makaɗin biki kallon ƙafafun masu rawa yake yi. In ya ga sun ɗauka sai ya ƙara wuta kaɗan, su ƙara, ya ƙara, har a kai inda babu mai iya tsayawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen masu kalangu a bikin cikin gari ya san wannan hawan. Waƙar Afrique Victime kanta, mai fiye da minti bakwai, a kan wannan aka gina ta: ta fara da tafiyar raƙumi, ana jero ƙorafin nahiyar, sai can tsakiya ganga ta fara matsawa, bes ya bi ta, jita ta biyu ta riƙe kari ɗaya tana maimaitawa ba ta saki, shi kuma Mdou ya sami filin da zai yi ta yaga sauti. Ba ya amfani da ɗan robar kaɗa jita, da yatsa yake fizgar wayar, shi ya sa sautinsa ke fita a tsinke, ɗaya na korar ɗaya. Turawa sukan kwatanta shi da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka, saboda hagun da kuma ƙarar, shi kuma ya faɗi cewa ya kalli yadda Eddie Van Halen, wani gwanin jitar rok, ke buga wuyan jita da yatsu ya ɗauki wani abu. Duk da haka ginshiƙin abin bugun takamba ne, wato kiɗan rawa na gargajiyar Abzinawa, da kiɗan biki, an dai ƙara masa lantarki.

Wannan hawan shi ne Anar ba shi da shi, kuma ba zai taɓa samu ba. In za a faɗi gaskiya, nan ne rauninsa. Waƙoƙin a shimfiɗe suke, inda aka fara nan ake ƙarewa. Sautin siriri ne, an yi shi daidai lasifikar ƙaramar waya, in ka sa shi a babbar na'ura sai ka ji wurare da yawa babu komai. Jitar, wadda ita ce baiwar mutumin, an tura ta baya ta zama 'yar rakiya. Wanda ya ce Afrique Victime ya fi shi, ba zan yi musu da shi ba ko kaɗan, ni ma shi na fi sawa.

Amma akwai abin da Anar ya riƙe wanda manyan kundayen suka saki. A cikinsa murya ce sarauniya. Tana gaba, kusa da kunne, kamar mai yi maka magana a soro da daddare, kuma karkarwar injin, maimakon ta sa ta yi sanyi irin na ƙarfe, sai ta ƙara mata rauni. A Ilana da abin da ya biyo baya, sau da yawa muryar kan zama mai share fage ne kawai: a rera baiti biyu, 'yan amshi su karɓa, sai a ba jita wuri, kuma jitar ce mutane suka biya kuɗi su ji. Akwai inda aka dawo da wancan kusancin, kamar Tala Tannam a cikin Afrique Victime, waƙar soyayya mai taushi, amma tsibiri ce a tsakiyar ruwa mai ƙarfi. Sannan rashin hawan da na kira rauni yana da nasa amfanin. Da yake bugun ba ya canzawa, hankalin mai sauraro ba ya jiran wani abu ya faru, sai ya zauna a kan karin waƙar kawai. Wasu waƙoƙin haka suke so.

Saƙon ma ya sauya tare da sautin. Funeral for Justice, da ya fito a watan Mayun 2024, kundi ne na fushi tun daga bugun farko. Akwai Oh France, wadda sunanta ya isa bayani. Akwai Imouhar, kira ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace a bakin 'ya'yansu. Mdou ya daɗe yana faɗa a hirarraki cewa Faransa na kwasar yuraniyom ɗin ƙasarsa alhali talakan Nijar na kwana a duhu. Tun 1971 ake haƙar ma'adinin a Arlit, kuma Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawan lantarkinta daga Najeriya. An naɗi kundin kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ya kuma fito bayan sojojin Faransa sun fice daga ƙasar a Disambar wannan shekarar, sai ya zama kamar an yi shi ne don ranar. Irin wannan magana tana son ƙara, tana son ganga mai rai da jita mai kururuwa. Da an rera Oh France da fiyanon Sakkwato, da ba ta ciji kowa ba. Ta nan na fahimci dalilin da ya sa bai koma salon Anar ba: abin da yake son faɗa yanzu ya fi ƙarfin wancan ɗakin.

Juyin mulkin ya same su suna rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, mu ma nan Kano mun ji a jikinmu yadda hanyar Maraɗi da Damagaram ta mutu. 'Yan ƙungiyar uku suka rasa hanyar komawa gida. A wannan zaman jiran suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako da ɗan bugu mai sauƙi, aka fitar da shi a Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. Wasu na kiran wannan kundin gwajin ƙungiyar. Yana da daɗi ƙwarai, kuma baƙin cikin da ke ciki na gaske ne, amma ni ban ga gwaji a nan ba. Komawa tabarma ce, komawa inda kiɗan ya fito tun farko. Abin da ya tabbatar shi ne cewa a wurin Mdou waƙa ba ta da riga ɗaya. Waƙar Sousoume Tamachek da ya rera a hankali a 2017, ita ce ya maido a 2024 da gudu da ƙara. Bahaushe bai ga baƙon abu a nan ba, domin Bakandamiyar Shata ma ba sau ɗaya aka ɗauke ta ba, kuma kowace ɗauka da yadda ta fito. Da wannan idon ya kamata a kalli Anar: riga ce daga cikin rigunan, sai dai ita kaɗai ce aka ɗinka a hannun telan da bai san assouf ba.

Akwai kuma tambayar kunnen wa ake aunawa da shi. Ga ɗan Detroit, jita mai ƙara abin gida ce, ya san inda zai ajiye ta, Auto-Tune a kan harshen Tamashek kuwa abin mamaki ne. Ga Bakano abin a juye yake. Na taɓa sa wa wani makaɗin fiyano Tahoultine a waya, bai kai minti ɗaya ba ya ce, “Malam, ai wannan aikinmu ne, wane yare yake yi?” Da na sa masa Funeral for Justice kuwa sai ya yi shiru yana saurare, can ya tambaye ni mutum nawa ne ke kaɗa jitar. Ga Ba'abzinen Agadas a 2008, sautin jitar ne nasa, na Auto-Tune ne baƙo. Da yake da kunnen mutanensa mawaƙi ke fara auna kasada, shi ya sa na tsaya a kan cewa Anar ne kundin gwajin.

Abin da ke damuna shi ne yadda cinikin ya tsaya a hanya ɗaya. Tsakanin Kano da Abzin ba yau aka fara ba. Unguwar Agadasawa tana nan a cikin birni, turkuɗin Kura shekara da shekaru Abzinawa ke naɗa shi a ka, ayarin gishirin Bilma ya san hanyar kasuwanninmu. Mdou ya zo ƙasar Hausa ya ɗauki sautin situdiyonmu ya tafi da shi, har ya kai shi kunnen duniya. Mu kuwa ba mu ɗauko komai daga jitarsa ba. Mawaƙanmu na zamani har yanzu mutum ɗaya ne da fiyano, ko kwamfuta ita kaɗai, kuma a yawancin bukukuwa DJ ya maye gurbin makaɗa. Hawan nan da ke sa Afrique Victime tashi, muna da shi a kalangu da kotso da gangar noma, amma ba ya shiga situdiyo, saboda an riga an saita bugu a na'ura kafin mawaƙi ya buɗe baki. Masu gurmi da garaya suna nan, kaɗan ne suka jona su da amfilifaya suka tsaya a gaban ganga mai rai suka ga abin da zai faru.

Shi ma Mdou bai rufe ƙofar inji gaba ɗaya ba. A 2022 Matador ya fitar da Afrique Refait, inda aka ba masu kiɗan kwamfuta na ƙasashen Afirka waƙoƙin Afrique Victime suka warware su suka sake ɗinkawa. Nan ne aikinsa ya fi kusantar ruhin Anar tun bayan Sakkwato, sai dai wasu ne suka yi gwajin da kayansa, shi yana gefe. Abin da nake son ji shi ne ya koma da kansa, da ƙungiyar nan tasa ta mutum huɗu, su zauna da mai fiyano a ɗaki ɗaya, a bar Souleymane Ibrahim ya ja bugun yadda yake so, a kuma kunna Auto-Tune a kan muryar. Daga Agadas zuwa Titin Gidan Zu, in an biyo ta Damagaram, hanyar ba ta kai ta Detroit nisa ba.